Mo'Nique: Ƙiba, Kuɗi da Bakin da Ba Ya Shiru

Da yawa daga cikin 'yan Najeriyar da suka kalli fim ɗin Phat Girlz, waƙa ce ta kai su. A 2006 aka fitar da shi a Amurka, aka saka African Queen ta 2Face Idibia a ciki, a zamanin da ba kasafai ake jin muryar mawaƙin Najeriya a fim ɗin Hollywood ba. Labarin ba shi da wuyar bi. Jazmin ma'aikaciya ce a wani babban kantin tufafi, ƙiba ta hana ta sakat. Ta sha magungunan rage teɓa har ta gaji, kayan ado masu kyau ba sa shigarta, samari kuma ba sa ko waiwayen inda take. Sai ta ci kyautar hutu a wani otal da ke Palm Springs a jihar California, inda ta tarar da wasu likitoci 'yan Najeriya da suka zo taro. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Tunde, yana ɗora ido a kanta ya susuce. 'Yar'uwarta siririya da suka zo tare kuwa, wadda ta saba maza na rububinta, tausayinta likitocin suka ji, sun ɗauka yunwa ce ke cin ta.

Masu sharhin fina-finai ba su yaba ba, kuma ba su yi wa fim ɗin ƙazafi ba. Yana da rauni, Najeriyar da ke cikinsa ma ta mafarki ce, wanda ya fito a matsayin Tunde ɗin ma, Jimmy Jean-Louis, ɗan ƙasar Haiti ne. Amma matar da ta fito a Jazmin ba da wasa ta zo ba. Sunanta na yanka Monique Imes, duniya ta san ta da Mo'Nique. Shekara huɗu bayan wannan fim ta ɗauki lambar Oscar, shekara biyar bayan Oscar ɗin ta fito ta ce an rufe mata ƙofofin sana'a, a 2019 kuma ta maka kamfanin Netflix a kotu. Wanda ya bi waɗannan rigingimu ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa faɗa ɗaya take yi tun farko: wa ke da hurumin yanke wa baƙar mace mai ƙiba daraja, ta jikinta da ta aikinta?

An haife ta ranar 11 ga Disamba, 1967, a yankin Baltimore na jihar Maryland, ita ce auta a gidansu. Tana aikin amsa kiran kwastomomi a wani kamfanin waya ne wani yayanta ya zuga ta ta hau dandamali a wani gidan barkwanci, a daren da ake bai wa duk mai ƙarfin hali makirufo. Sana'ar ta yi kama da ta 'yan kama a wurinmu, sai dai babu kiɗa, babu abokin amshi. Mutum ɗaya ne tsaye gaban jama'ar da suka biya kuɗi, in ya ba su dariya su tafa, in ya kasa su kore shi da ihu. Mo'Nique ba ta kasa ba. A 1999 ta samu shirin talabijin na The Parkers a tashar UPN, inda ta fito a Nikki Parker, uwar da ta koma makaranta ta shiga kwaleji ɗaya da 'yarta, ta kuma nace wa wani farfesa da soyayya yana gudu tana bin sa. Shirin ya ɗauki shekara biyar, har 2004. A tsakani ta zaga Amurka tare da wasu mata uku, Adele Givens da Sommore da Laura Hayes, a wasan da aka yi wa laƙabi da The Queens of Comedy.

Sai an san gurbin da Hollywood ta tanadar wa mace irinta kafin a gane abin da ta zo da shi. Tun zamanin fina-finan farko, baƙar mace mai jiki baiwa ce ko kuku a gidan Turawa, mai ɗankwali da faɗa da kula da 'ya'yan wasu, wadda ba wanda ke tunanin tana da nata sha'awar rayuwa. Da zamani ya sauya sai aka koma wani salon: a ɗauko namiji a cusa masa soso a jiki, a sa masa riga da gashin kanti, ya fito a matsayin ƙatuwar mace mai masifa. Martin Lawrence ya yi a Big Momma's House a 2000, Eddie Murphy ya yi a Norbit a 2007, Tyler Perry kuma ya gina dukiya da tsohuwar nan Madea. Ana dariya, amma jikin macen ne abin dariyar, kuma namiji ne ke karɓar kuɗin.

Mo'Nique ta juya abin. Takan hau dandamali cikin kaya masu kama jiki, ta yi ado kamar amarya, ta fara da yabon kanta kafin ta taɓa kowa. A bikin lambobin yabo na tashar BET a 2004 ta fito da ayarin mata masu ƙiba suka kwaikwayi rawar da Beyoncé ta yi a waƙar Crazy in Love, suka yi ta tsaf ba tare da haki ya kayar da kowa ba, zauren ya miƙe tsaye. A 2003 ta fitar da littafi mai suna Skinny Women Are Evil, wato siraran mata mugaye ne, ya kuma yi kasuwa. Ta bi shi da littafin girke-girke a 2006, shi ma sunansa tsokana ce, cewa kada a yarda da kuku siriri. Daga 2005 ta riƙa gabatar da gasar sarauniyar kyau ta mata masu jiki a tashar Oxygen. Mata da yawa da suka girma suna ɓoye jikinsu cikin manyan riguna sun ce a wurinta suka fara ganin mai kama da su tana tafiya da kai a sama.

Ba ita ta fara wannan fafutuka ba. Tun 1969 aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu ƙiba a Amurka, wani injiniya mai suna Bill Fabrey ne ya kafa ta saboda takaicin yadda ake wulaƙanta matarsa. Wariyar kuwa ba a baki kawai take ba, tana shafar ɗaukar aiki da albashi da yadda likita ke sauraron mara lafiya. Jihar Michigan ta haramta nuna bambanci saboda nauyin jiki tun 1976, birnin New York bai yi irin wannan doka ba sai 2023. Abin da Mo'Nique ta ƙara shi ne ta fitar da maganar daga ɗakin taro ta kai ta inda talakawa ke dariya.

Sai dai akwai inda nake ganin ta yi gajeren tunani. Ma'aunin da ake auna mata da shi ba ta karya shi ba, kifa shi ta yi. Jiya mai ƙiba ce abin zagi, yau siririya ce. Za a ce ai wasa ne, kuma wanda aka daɗe ana dannewa yana da damar ramawa da baki. Haka ne. Amma yarinyar da Allah ya halitta ba ta da jiki, wadda a makaranta ake kira sandar rake, ba ta ci wa kowa komai ba. Saƙon da ya ce kyau na mai jiki ne kaɗai ɗan'uwan wanda ya ce kyau na siririya ne kaɗai, uwarsu ɗaya.

Mu nan mun fi kowa sanin haka, domin a wurare da dama a Afirka ma'aunin a kife yake tun asali, kuma wannan ne ɗan gaskiyar da ke cikin Phat Girlz. A ƙasar Efik ta wajen Kalaba an san al'adar killace budurwa a ciyar da ita har ta cika kafin aure. A Muritaniya har yau ana fama da ɗura wa ƙananan 'yan mata madara da abinci da ƙarfin tsiya. A garuruwanmu kuwa, amaryar da ta yi wata uku ba ta murmure ba, sai an tambayi ko lafiya take zaune da mijin. Daga nan kasuwar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ta samo asali. Galibinsu magungunan wata cuta daban ne ake karkatar da su. Cyproheptadine maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki ya sa barci. Dexamethasone kuma magani ne mai ƙarfi na kumburi da asma, wanda in aka daɗe ana sha yakan tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne. Abin da ake gani kamar cikowa, rabinsa kumburi ne. Ba mu kaɗai ba ne: a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wani ruwan magani mai suna Apetamin, mai ɗauke da cyproheptadine, da mata ke saye a ɓoye don su ƙara mazaunai. Jazmin na shan ƙwaya don ta rame, wata a Kano ko Maraɗi na sha don ta cika, kowacce idon mutane take gudu.

To ina lafiya ta tsaya a wannan gardama? Ma'aunin da asibitoci suka fi amfani da shi, wanda ake kira BMI, lissafi ne mai sauƙi: a ɗauki nauyin mutum a kilo a raba da tsayinsa a mita sau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba mai illa. Mace mai tsayin mita 1.65 da ta kai kilo 82 ta taka layin 30 ke nan. Lissafin ya samo asali ne daga wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a wajajen 1830, kuma Turawa ya auna, ba marasa lafiya yake nema ba, matsakaicin mutum yake nema. Ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya faɗin inda kitsen ya taru, alhali kitsen da ke cikin tumbi kewaye da hanta da hanji ya fi na cinya da mazaunai haɗari nesa ba kusa ba. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka da kanta ta ce kada a dogara da shi shi kaɗai. Masu fafutuka suna da hujja a nan. Suna da wata hujjar kuma: kunyata mai ƙiba ba ya ramar da shi, sai dai ya sa ya guji asibiti, domin ya san ko ciwon kunne ya kai za a ce ya je ya rage teɓa.

Amma raunin ma'auni bai goge cutar ba. Ƙiba mai yawa tana da alaƙa tabbatacciya da ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon gwiwa da wasu nau'o'in sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ita. A Amurka, alƙaluman gwamnati sun nuna kusan huɗu cikin biyar na baƙaƙen mata nauyinsu ya wuce kima, kuma su ne masu sauraron Mo'Nique na farko.

Ita ma lissafin ya iso ƙofarta. Ta ce nauyinta ya taɓa kai wa wajen kilo 136, hawan jini ya kama ta, kuma mijinta ne ya tambaye ta nauyinta wata rana, da ta faɗa ya ce ya yi yawa, shi yana son su tsufa tare. Ga tagwaye ƙanana da ta haifa a 2005. Ta fara tattaki da rawa da motsa jiki, ta sauya cima, ta riƙa saka bidiyon atisayenta a intanet tana jiƙe da gumi. A 2018 ta sanar cewa a karon farko tun tana 'yar shekara 17 nauyinta ya sauka ƙasa da kilo 91, kuma ba tiyata aka yi mata ba. Wasu masoyanta sun ji kamar an ci amanarsu: wadda ta ce siraran mata mugaye ne, yau ita ce ke ƙirga taku? Amsarta ita ce har yanzu ita mai jiki ce, lafiya ta nema ba siranta ba. A ganina ba ta ci amanar kowa ba. Ƙin yarda a wulaƙanta ka daban, ƙin yarda da abin da na'urar awon jini ta nuna daban. Kuskuren tun farko na masu ɗaukar wasan dandamali a matsayin shawarar likita ne.

Fim ɗin da ya ɗaga ta ya kuma jawo mata, babu dariya ko ɗaya a cikinsa. Precious, wanda Lee Daniels ya ba da umarni, an ɗauko shi daga littafin Push na marubuciya Sapphire. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 a unguwar Harlem ta New York, mai ƙiba, ba ta iya karatu ba, tana ɗauke da ciki na biyu da mahaifinta ya yi mata. Gabourey Sidibe, wadda mahaifinta ɗan Senegal ne, ita ta fito a yarinyar. Mo'Nique ta fito a uwar, Mary, mace mai duka da zagi da jifa, wadda ke kallon 'yarta a matsayin kishiya. A ƙarshen fim ɗin, a ofishin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Mary ta buɗe baki tana ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa ta bari aka lalata 'yarta, tana kuka tana kare kanta. Mai kallo ba ya yafe mata, amma ba ya iya cewa ba mutum ba ce. Wanda ya san Mo'Nique da barkwanci kawai, a wannan wurin yake yin shiru.

Ta san inda ta ɗebo wannan mugunta. A 2008 ta bayyana wa mujallar Essence cewa babban yayanta ya riƙa lalata da ita tun tana 'yar shekara 7 har ta kai 11, kuma da darakta ya ce ta zama dodo, shi ta tuna.

An biya ta dala 50,000 a fim ɗin. Ba ta yi ƙorafi a kan wannan ba, ƙaramin fim ne na aboki, ba wanda ya san zai yi tashe. Sai ya lashe manyan kyaututtuka a bikin Sundance a farkon 2009, Oprah Winfrey da Tyler Perry suka sa sunansu a kai, kamfanin Lionsgate ya saye shi, daga baya ya tara sama da dala miliyan 60. Aka nemi Mo'Nique ta tafi bikin fina-finai na Cannes a Faransa don tallata shi. Ta ce a'a. Hujjarta ita ce ta cika abin da kwantiraginta ya ɗora mata, tana da sabon shirin dare a tashar BET da yawon wasa da yara ƙanana, in ana son ƙarin aiki a biya.

Ga wanda bai san Hollywood ba, wannan magana ce mai ma'ana. Ga 'yan ciki, saɓo ne. Lambar Oscar ba zama ake ta zo ba, yaƙin neman zaɓe ake yi mata na watanni: liyafa, hira da 'yan jarida, gaisawa da masu jefa ƙuri'a, kamfanoni na kashe miliyoyi. Ɗan wasa ba a biyansa ladan wannan yawo, ana ɗauka cewa lambar ce za ta biya shi nan gaba. Mo'Nique ta ƙi yawancin yawon, kuma duk da haka ta kwashe Golden Globe, da lambar ƙungiyar 'yan wasa, da BAFTA ta Birtaniya. Ranar 7 ga Maris, 2010, ta ɗauki Oscar, baƙar mace ta biyar da ta samu a fagen wasa. Ta sa shuɗiyar riga da farin fure a gashi don tunawa da Hattie McDaniel, wadda ta fara samu a 1940 da fitowa a matsayin baiwa a Gone with the Wind, aka kuma zaunar da ita a wani teburi can gefe saboda otal ɗin ba ya karɓar baƙaƙe. A jawabinta Mo'Nique ta gode wa masu zaɓe da suka nuna cewa aiki zai iya yin nasara ba siyasa ba. Zauren ya tafa. Wasu a cikinsa ba su manta ba.

Bayan wata guda Oprah ta gayyaci yayan nan nata da ya yi lalata da ita cikin shirinta, ya amsa laifinsa ya nemi gafara a gaban duniya. Mo'Nique ta ce Oprah ta kira ta kafin nan, ita ta ƙi zuwa amma ba ta hana a kira shi ba. Abin da ba a gaya mata ba, in ji ta, shi ne iyayenta ma za su zauna a wurin, alhali ta riga ta buɗe wa Oprah cikinta kan tsamin da ke tsakaninta da mahaifiyarta. Wannan ciwo ya fi na kuɗi zurfi, kuma har yau shi take komawa a kai.

Manyan ayyukan da kan biyo bayan Oscar ba su zo ba. A 2015 ta shaida wa The Hollywood Reporter cewa Lee Daniels ya gaya mata an sa ta a baƙin littafi saboda ba ta bi tsarin wasan ba. Daniels ya amsa cewa buƙatun da ta riƙa gabatarwa ne suka ɓata tsakaninta da masana'antar. A shekarar ta fito a fim ɗin Bessie na tashar HBO a matsayin mawaƙiya Ma Rainey, aka sa ta cikin 'yan takarar lambar Emmy, wanda ya nuna ba gwaninta ce ta ƙare ba. A 2017, a dandamalin Apollo na Harlem, ta kama sunan Daniels da Perry da Oprah ta ɗura musu ashar. Baki shi ke yanka wuya. Ko masu tausaya mata sun ja baya a ranar.

Sai batun Netflix. A Janairun 2018 ta saka bidiyo tana roƙon jama'a su ƙaurace wa kamfanin. Ya yi mata tayin dala 500,000 don wasan barkwanci na musamman, alhali rahotanni sun ce an ba Chris Rock da Dave Chappelle dala miliyan 20 kowane wasa, Amy Schumer kuma ta fara da miliyan 11 ta nemi ƙari aka kai ta 13. Tayin da aka yi wa Mo'Nique kashi ɗaya cikin arba'in na abin da aka ba mazan ke nan. Ta ce kamfanin ya kafa mata hujja da cewa Schumer ta cika babban zauren Madison Square Garden ta kuma yi fim mai kasuwa. Mutane suka yi mata ca. Wa ya gaya mata ita sa'ar Chappelle ce? Da ta ce babu ɗan barkwancin da ya kai ta tarin lambobin yabo, sai dariyar ta ƙaru. Whoopi Goldberg ta gaya mata a shirin The View cewa tallata fim wajibin ɗan wasa ne. Steve Harvey ya zaunar da ita a nasa shirin a 2019 ya ce wannan harka ta kuɗi ce, mai iyali ba ya wasa da abincinsa don kare mutunci. A cikin hayaniyar ba a kula sosai da Wanda Sykes ba, wata baƙar 'yar barkwanci mai suna, da ta fito ta ce ita abin da aka taya mata bai kai rabin na Mo'Nique ba.

Masu sukar suna da abin faɗa: kasuwa ba ta biyan tarihi, yawan masu kallo take biya. Amma ƙarar da ta shigar a Nuwamban 2019 ba a kan adadin kawai ta tsaya ba. Ta ce al'adar ciniki ita ce a yi tayi, a ƙi, a ƙara, amma ita da ta ce tayin akwai wariya a ciki sai kamfanin ya rufe ciniki gaba ɗaya, wannan kuma ramuwar gayya ce da doka ta hana. Netflix ya musanta, ya nemi a kori ƙarar. A 2020 alƙalin kotun tarayya André Birotte ya ƙi, ya ce zargin ya cancanci a saurare shi. A Yunin 2022 aka sasanta a wajen kotu, ba a bayyana sharuɗɗan ba.

Rayuwarta ta gida ma ba ta bar ta ta huta da bakin mutane ba, ita ce kuma ke buɗe ƙofar. Ta auri Sidney Hicks a 2006, abokinta tun suna sakandare, shi ne kuma manajanta. Ta faɗa da bakinta cewa aurensu bai hana ɗayansu hulɗa da wani a waje ba, kuma ita ta kawo shawarar, daga baya ta ce ta girma ta bar wannan. Tana kiransa da sunan da yara ke kiran uba, abin da ke ba mata da yawa haushi, kuma akwai masu ganin shi ne ke zuga ta tana ƙona gadojinta. Ita ta ce shi ne mutum na farko da ya koya mata karanta kwantiragi da ƙin abin da bai yi mata ba. Babban ɗanta na auren baya ya fito a 2024 ya ce ba ta riƙe shi riƙon uwa ba, ita ma ta taɓa amsa cewa neman suna ya ɗauke mata hankali lokacin yana ƙarami.

Akwai rigingimun da ba ta da mafaka a cikinsu. A 2022 gardama kan wa zai rufe wasa a Detroit ta haɗa ta da ɗan barkwanci D.L. Hughley, ta jawo iyalinsa cikin zancen har da wani tsohon ciwo na 'yarsa, abin da wadda ta san irin wannan ciwo bai kamata ta yi ba. A 2021 kuma ta yi bidiyo tana yi wa 'yan mata baƙaƙe faɗa kan fita filin jirgi da hular barci da silifas da kayan kwana, ta ce ina mutuncin kai. Wasu iyaye sun ce ta faɗi gaskiya. Matasa suka tuna mata cewa ita ce ta je bikin Golden Globe ta ɗaga riga ta nuna ƙafafunta da ba ta aske ba, ta ce jikinta nata ne. Suka ƙara da cewa bidiyon faɗan ma cikin rigar wanka ta yi shi.

Lokaci ya ɗan gyara mata suna. A Afrilun 2022 Lee Daniels ya hau dandamali ana tsakiyar wasanta a Staten Island, ya nemi gafararta a gaban jama'a, ya kuma sa ta a fim ɗinsa The Deliverance da ya fito a 2024. A Disambar 2023 Taraji P. Henson ta fashe da kuka a wata hira tana cewa ta gaji da aiki tuƙuru ana biyanta abin da bai taka kara ya karya ba, kuma tana tallata The Color Purple ne, fim ɗin da Oprah na cikin furodusoshinsa. Nan take aka shiga tono tsofaffin bidiyon Mo'Nique, waɗanda suka yi mata dariya a 2018 suna cewa ashe matar nan ta faɗa. Tsakaninta da Oprah da Perry dai ba a shirya ba, ta ce a fili aka ɓata mata suna, a fili take son a wanke ta.

Wasan nata na musamman ya fito a Netflix ɗin da ta kai ƙara, a Afrilun 2023, da sunan My Name Is Mo'Nique. A cikinsa ta ba da labarin ajin masu jinkirin fahimta da aka saka ta tana yarinya, da kakarta, da abubuwan da ta daɗe tana ɓoyewa. Watan bai ƙare ba lauyoyinta suka shigar da sabuwar ƙara a Los Angeles, wannan karon a kan CBS da Paramount, tana neman a buɗe littattafan The Parkers a biya ta kason ribar shirin da aka kusa shekara ashirin ana maimaitawa.